Tarihin Dr. Wu Lien-teh, likitan da ya tari annobar Manchuriya

A hunturun shekara ta 1910 wata cuta ta fito daga jikin wata dabbar daji a kan iyakar ƙasashen Sin da Rasha, ta bi layin dogo gari-gari, cikin watanni shida ta hallaka mutane kimanin dubu 60. Wanda aka ɗora wa nauyin tsayar da ita wani likita ne mai shekaru 31 da haihuwa, wanda ko harshen hukumar da ta aike shi bai gama iyawa ba.

An haifi Wu Lien-teh ran 10 ga watan Maris na shekara ta 1879 a tsibirin Penang, wanda a yau yake cikin ƙasar Maleshiya, amma a wancan zamani yana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne da ya yi ƙaura daga lardin Guangdong na kudancin Sin. Su 11 iyayensu suka haifa. A shekara ta 1896 ya ci jarrabawar tallafin karatu na Sarauniyar Ingila, wanda ya kai shi kwalejin Emmanuel ta jami'ar Cambridge, inda ya zama ɗan asalin Sin na farko da ya karanta likitanci a can. Ya yi aikin koyo a asibitin St Mary's da ke Landan, sa'an nan ya ƙaro ilimin ƙwayoyin cuta a Liverpool, da birnin Halle na Jamus, da kuma cibiyar Pasteur ta Paris.

Da ya koma gida a shekara ta 1903 sai ya tarar duk wannan karatu bai isa ya ba shi babban muƙami a ma'aikatar lafiya ba, domin manyan kujerun na Turawa ne kaɗai. Ya ɗan yi bincike a kan ciwon beriberi a Kuala Lumpur, daga bisani ya buɗe ɗakin shan maganinsa a Penang. A nan ne ya ɗebo wa kansa rigima. Ya shiga gaba wajen yaƙi da shan ofiyam, ƙwayar da ta lalata dubban leburori 'yan Sin, alhali kuwa gwamnatin mulkin mallaka da manyan attajirai daga cinikinta suke samun kuɗi mai yawa. Ba a jima ba aka kai samame ɗakin maganinsa, aka sami ɗan ruwan ofiyam irin wanda likitoci kan ajiye don aiki, aka gurfanar da shi gaban kotu aka ci shi tara saboda rashin lasisi. Ganin an fara yi masa bi-ta-da-ƙulli, sai ya amsa gayyatar da gwamnatin Sin ta yi masa, ya zama mataimakin shugaban kwalejin likitocin soja a birnin Tianjin a shekara ta 1908.

Yana can yana koyarwa lokacin da musibar da za ta fito da sunansa take haɗuwa a arewa mai nisa, kuma tushenta ciniki ne. Akwai wata dabba da ake kira tarbagan, dangin kurege ce, amma takan kai girman ƙatuwar kyanwa. Tana haƙa ramuka a filayen ciyawa na Mongoliya da kudancin Saberiya da yammacin Manchuriya, in sanyi ya shigo ta toshe bakin rami ta kwanta barcin watanni. Makiyayan Mongol da Buryat sun daɗe suna farautarta saboda nama da kitse da fata, sun kuma san cewa a wasu shekarun takan yi wani ciwo da ke kama wanda ya feɗe ta. Tun a shekara ta 1895 wasu likitocin Rasha biyu suka rubuta rahoto a kan haka, amma bai yi wani tasiri ba.

A farkon ƙarni na 20 sai marina a Turai suka gano dabarar rina fatar tarbagan ta yi kama da fatun nan masu tsada da ake ɗinka wa attajirai rigunan sanyi da su. Kasuwannin fata na Leipzig da Landan suka buɗe baki. Cikin 'yan shekaru farashi ya ninka har sau huɗu, yawan fatun da ake fitarwa ya tashi daga kimanin dubu 700 a shekara ta 1908 zuwa miliyan 2 da rabi a 1910. Dubban 'yan ci-rani, akasarinsu talakawa daga lardin Shandong, suka kwarara dajin. Rahotannin wancan lokaci sun ɗora musu laifi, cewa ba su iya bambanta dabba mai lafiya da mai ciwo ba, har ma sun fi murna da wadda ba ta iya gudu. Wasu masana tarihi na yau suna ganin an cika zuzuta wannan zargi, domin baƙon talaka shi ne mafi sauƙin ɗora wa laifi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne yadda suke kwana. In kakar farauta ta ƙare sukan taru a garin Manzhouli, tashar jirgin ƙasa ta kan iyaka, su cunkushe a masaukan da aka haƙa rabinsu cikin ƙasa, tagogi a toshe saboda sanyi. A irin waɗannan ɗakuna ne, cikin watan Oktoba na 1910, mutane suka fara zazzaɓi da tari, suna kakin jini, su mutu cikin kwana biyu ko uku. Waɗanda suka tsorata suka hau jirgi suka gudu da cutar a ƙirjinsu.

Ita wannan cuta tsohuwar abokiyar gabar ɗan Adam ce. Ita ce Larabawa ke kira ɗa'un, ita ce ta cinye aƙalla sulusin al'ummar Turai a tsakiyar ƙarni na 14, ta kuma yi ɓarna mai yawa a Masar da Sham. A shekara ta 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayarta a Hong Kong, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna a Karachi cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta kai wa mutum. Jiragen ruwa sun yaɗa ta zuwa Bombay a 1896, inda ta kashe miliyoyi a Indiya, ta isa Accra a 1908, daga baya ma ta ɓulla a Legas a 1924. Saboda haka duk wani likita mai ilimin zamani a shekara ta 1910 ya haddace karatun: ɗa'un ciwon ɓera ne, alamarsa kaluluwa a hammata ko a matsematsi, rigakafinsa kuwa a kashe ɓeraye.

Bayan matsalar lafiya akwai ta siyasa. Manchuriya ƙasar Sin ce a suna, amma Rasha ke riƙe da layin dogon arewa mai hedkwata a Harbin, Japan kuma ta karɓe na kudu bayan da ta ci Rasha da yaƙi a 1905. Kowaccensu na jiran dalilin da za ta shigo da ƙarin soja da sunan kare lafiyar jama'arta. Daular Qing, wadda ta riga ta yi rauni, ta san cewa in ta gaza shawo kan annobar to za ta iya rasa yankin ɗungurungum. Wannan ya sa ma'aikatar harkokin waje, ta hannun wani jami'inta mai suna Alfred Sze, ita ce ta nemo Wu ta tura shi. Ya sauka Harbin ran 24 ga watan Disamba tare da ɗalibinsa guda ɗaya, wanda shi ke yi masa tafinta, don bai ƙware da Mandarin ba. Kayan aikinsa ba su wuce madubin duba ƙwayoyin cuta da 'yan kwalabe ba.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne Fujiadian, unguwar Sinawa da ke gefen birnin, mai mazauna kimanin dubu 24. Al'ada da dokar daular duk sun hana a sa wa gawa wuƙa, amma kwana uku da isowarsa Wu ya sami damar bincika gawar wata mace 'yar Japan da ta mutu a unguwar, a wani ɗan ɗaki, a asirce. Ya ga ƙwayar Yersin jingim a huhunta da jininta. Ya haɗa wannan da abin da idonsa ya gani, wato marasa lafiya ba su da kaluluwa, tari suke yi, kuma in mutum ɗaya ya kwanta a ɗaki sai 'yan ɗakin su bi shi. Ya aika wa Beijing da waya cewa wannan ɗa'un na huhu ne, daga numfashin mutum yake shiga na wani, ba ya bukatar ɓera ko ƙuma. Ma'ana, cutar ta riga ta rabu da dabbar da ta kawo ta, farautar ɓeraye ɓata lokaci ne, mutane ya kamata a raba da juna.

Ba a yarda da shi nan take ba. A farkon watan Janairu na 1911 gwamnati ta turo Dr. Gérald Mesny, Bafaranshe, babban malami a wata kwalejin likitanci a Tianjin, wanda ya girmi Wu, ya kuma taɓa yaƙi da ɗa'un irin na ɓera a garin Tangshan. A yadda Wu ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa, Mesny ya yi watsi da ra'ayin nasa cikin cin fuska da gorin launin fata, ya nemi a damƙa masa ragamar aikin. Wu ya miƙa takardar ajiye aiki, amma Beijing ta tsaya a bayansa. Shi kuwa Mesny ya tafi asibitin Rashawa ya duba marasa lafiya, sanye da riga da hula da safar hannu, fuska a buɗe. Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe shi, ran 11 ga watan Janairu ya rasu. Labarin cacar bakin daga ɓangare ɗaya muka ji shi, tun da ɗaya ɓangaren bai rayu ya faɗi nasa ba, amma mutuwar tasa ta yi abin da hujjar madubi ta kasa yi. Washegari kowa a Harbin neman abin rufe fuska yake yi.

Takunkumin da Wu ya tsara ba shi da wani wuyar yi: yadin bandeji ne mai laushi, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a tsaga gefunansa su zama igiyoyin ɗaurewa a ƙeya. Likitocin tiyata a Turai sun fara rufe baki tun ƙarshen ƙarni na 19 don kada su zuba wa majinyaci cuta a rauni, saboda haka ba daidai ba ne a ce shi ya ƙago shi, kamar yadda wasu kan faɗa. Abin da ya yi shi ne ya juya manufarsa, mai lafiya ya sa don ya kare kansa, ya kuma mai da shi abu mai araha da za a ɗinka dubbai a raba wa soja da ɗan sanda da mai tura amalanke.

Sauran matakan sun fi ɗaci. An kasa Fujiadian kashi huɗu, mazauna kowane kashi da launin ƙyallen da za su ɗaura a dantse, ba mai tsallakawa sai da izini, aka kawo soja fiye da dubu suka kewaye unguwar. Ma'aikata na bi gida-gida. Wanda aka samu da ciwo a kai shi asibitin annoba, inda kusan ba mai fitowa da rai, 'yan gidansa kuma a kulle su a taragun jirgin ƙasa fiye da ɗari da aka aro daga Rashawa, sai sun yi kwanaki ba zazzaɓi a sallame su. An ƙona gidaje da dama. An tsayar ko an taƙaita zirga-zirgar jiragen ƙasa a daidai lokacin da 'yan ci-rani ke ɗokin komawa gida bikin sabuwar shekararsu. Jama'a ba su karɓi wannan da hannu biyu ba. Wasu sun riƙa ɓoye marasa lafiyarsu, in dare ya yi su fitar da gawa su yar a titi don kada a zo a rufe musu gida. Kuma ma'aikatan da suka mutu a bakin aiki, waɗanda yawansu ya kusa 300, likitoci kaɗan ne a cikinsu. Akasari masu ɗaukar marasa lafiya da gawawwaki ne da soja da 'yan sanda, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba.

Duk da haka adadin mamata bai sauka ba, har ya kai 183 a rana guda a ƙarshen Janairu. Da Wu ya je maƙabarta sai ya ga dalilin wani sabon tsoro. Sanyi ya kai awo 30 ƙasa da sifiri, ƙasa ta daskare ta yi tauri kamar dutse, ba a iya haƙa kabari ba tun makonni. Akwatunan gawa da gawawwakin da ba su sami akwati ba, fiye da dubu 2, suna jere a kan ƙanƙara. Ya san ƙwayar ɗa'un na daɗewa da rai a cikin sanyi. Fargabarsa ita ce ɓeraye su fara cin gawawwakin, cutar da ta fito daga dabba ta shiga mutum ta sake komawa jikin wata dabbar da ke zaune cikin gidaje, in yanayi ya yi ɗumi a shiga sabon babi.

Mafita ɗaya ya gani, a ƙona su. Amma a wurin Sinawa ƙona gawar mahaifi babban saɓo ne ga haƙƙin iyaye, kuma duk wanda ya san nauyin da suturta mamaci ke da shi a tsakanin al'umma zai gane girman abin da yake nema. Bai yi gaban kansa ba. Ya ɗauki hakimai da dattawan gari ya kai su maƙabartar suka gani da idonsu, suka sa hannu a takardar roƙo, aka aika wa fadar sarki. Bayan kwana uku izini ya zo. A ƙarshen watan Janairu, daidai da shigowar sabuwar shekarar Sinawa, aka tara gawawwakin ɗari-ɗari, aka kwarara kananzir aka cinna wuta. Rashawa ma suka bi sahu a nasu ɓangaren birnin.

Daga nan adadin ya fara ja da baya, ran 1 ga watan Maris aka wayi gari ba a kawo rahoton ko mutum ɗaya ba. Fujiadian ta rasa mutane fiye da dubu 5. Masana na ci gaba da muhawara a kan wane mataki ne ya fi aiki, wasu ma na ganin cutar da ke kashe mai ita cikin kwana uku takan cinye kanta in aka hana ta sababbin mutane. Ga alama killacewa da tsayar da jirage su suka ɗauki kaso mafi girma, ko da yake ƙona gawawwakin ne ya fi zama a zukatan mutane.

A watan Afrilu na 1911 aka kira taron ƙasa da ƙasa a birnin Mukden, wanda ake kira Shenyang a yanzu, irinsa na farko a fannin kimiyya a ƙasar Sin. Ƙasashe 11 suka turo wakilai, ciki har da Kitasato Shibasaburo na Japan, wanda ya yi takara da Yersin a Hong Kong, da Danilo Zabolotny daga daular Rasha. Wu ne ya shugabanci zaman. An tabbatar da maganarsa a kan numfashi, domin an feɗe dubban ɓeraye a Manchuriya ba a sami cutar a jikinsu ba.

Batun asalin cutar kuwa ya fi ba shi wahala, kuma nan ne ɓangaren tarihinsa da masu yabo ba su cika ambata ba. A taron Mukden ya karkata ga cewa tarbagan ce tushe. Da damina ya shiga dajin kan iyaka neman hujja, ya kama dabbobi ya duba, bai sami mai ciwo ba, duk da cewa mutanen Zabolotny sun sami guda a wannan shekarar. Sai ya juya baya, ya wallafa a shekara ta 1913 cewa ba a tabbatar da laifin dabbar ba. A nan ya yi kuskure. Ciwon ba kullum yake bayyana a cikin garken dabbobin daji ba, yakan lafa shekaru sa'an nan ya tashi a wani kwari ya bar na kusa da shi, mai bincike na iya yin wata guda yana haƙa ramuka ya dawo hannu rabbana. Sai da annobar ta sake dawowa a 1920 zuwa 1921, ta wannan kan iyakar dai, sa'an nan a 1923 ya tafi yankin Transbaikal tare da abokin aikinsa Robert Pollitzer da likitocin Rasha, suka ga dabbobi masu ɗauke da ƙwayar. Ya janye matsayinsa a rubuce. Littafinsa kan ɗa'un na huhu, wanda Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1926, ya ba namun daji masu haƙa rami matsayinsu na ma'ajiyar cutar. Tun daga shekarun 1940 akwai magungunan da ke warkar da ɗa'un in an fara su da wuri, amma ma'ajiyar na nan: a shekara ta 2019 wasu ma'aurata sun mutu a yammacin Mongoliya bayan sun ci ɗanyen naman irin wannan dabba. A Madagaska kuwa, inda ɓera ne ma'ajiyar, nau'in huhu ya shiga birane a 2017 ya kashe mutane fiye da 200.

Annobar ta biyu ta kashe kimanin dubu 9, ƙasa ƙwarai da ta farko, kuma babban dalili shi ne hukumar rigakafin annoba ta arewacin Manchuriya da aka kafa a Harbin a 1912 ƙarƙashin jagorancin Wu, mai asibitoci a garuruwan kan iyaka. Daular Qing da ta aike shi ta faɗi a wannan shekarar, gwamnatoci suka yi ta sauyawa, shi yana kan aikinsa. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin Sin a 1915, ya kafa makarantar likitanci a Harbin a 1926, a 1930 kuma ya zama shugaban hukumar killace masu shigowa ta tashoshin jiragen ruwa, aikin da a da yake hannun baƙi. A 1935 aka gabatar da sunansa don kyautar Nobel a fannin likitanci, amma bai samu ba.

Yaƙi ne ya rushe abin da ya gina. Japan ta mamaye Manchuriya a 1931, dole ya bar Harbin. A wajen wannan birni ne daga baya sojan Japan suka kafa rundunar nan mai lamba 731, wadda ta riƙa kiwon ƙuma mai ɗauke da ɗa'un, aka zuba ta daga jirgin sama a kan biranen Sin irin su Ningbo a 1940. A shekara ta 1937 matarsa ta farko ta rasu, Japan ta kai wa Shanghai hari, gidansa da ke can ya lalace. Ya kwashe sauran iyalinsa ya koma Malaya, ya buɗe ɗan ɗakin shan magani a garin Ipoh, yana duba masu zazzaɓi da ciwon ciki, talaka kuma ba ya karɓar kuɗinsa. Da yawa daga cikin masu zuwa wurinsa ba su san ko wane ne shi ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu 'yan tawayen daji sun sace shi sai da aka biya fansa, sa'an nan 'yan mamayar Japan suka tuhume shi da taimaka wa 'yan tawayen. Bayan yaƙi ya sa ƙarfinsa wajen tara kuɗin gina ɗakin karatu na jama'a a Ipoh da rubuta tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1959.

A watan Janairu na 1960 ya koma Penang da niyyar hutawa. Bai daɗe da tarewa a sabon gidansa ba ciwon shanyewar jiki ya same shi, ya rasu ran 21 ga watan, yana da shekaru 80 da haihuwa.